Haƙƙin Kare a Kan Mai Shi

 

Zancenmu na yau a kan wata halitta ne wadda sunanta ya zama zagi a bakinmu, har in mutum ya so ya kai matuƙa wajen wulaƙanta ɗan'uwansa sai ya jefe shi da shi, alhali kuwa da wuya a sami unguwar da za ta kwana ba a ji haushinta ba, kuma da wuya a sami maharbi ko makiyayi ko mai gona a bayan gari da zai rantse bai taɓa cin moriyarta ba. Kare nake nufi. Na sani akwai dattijon da yanzu ya miƙa hannu zai murɗa akwatin rediyonsa, yana cewa duk fannonin ilimi da Allah ya shimfiɗa a duniya ba a ga abin kawo mana ba sai kare. To, Baba, a dakata mini kaɗan, domin ko da ba ka taɓa ajiye kare ba, kuma ba ka da niyyar ajiyewa har abada, jikokinka suna bin lungun da karen maƙwabci yake kwana, kuma lafiyar wannan kare, ko an so ko an ƙi, ta riga ta shiga cikin lafiyar gidanka.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki game da zamanmu da kare shi ne mun yarda mu ci amfaninsa, amma ba mu yarda a ce namu ne ba. Mutum zai karɓo ɗan kwikwiyo wurin aboki, ya sake shi a bayan ɗaki, ya ji daɗi in ya yi haushi da tsakar dare ɓarawo ya sake hanya, amma ranar da aka tambaye shi abin da karen ya ci, ko yaushe rabonsa da allura, sai ya kawar da kai ya ce ai na yara ne, ko kuwa ya ce shi ya liƙe wa gidan. Haka kare yake tashi tsakanin gida da juji, da dare yana da ubangida, da rana ba shi da kowa, kuma irin wannan karen, wanda bai zama na daji ba balle a guje shi, bai kuma zama na gida ba balle a kula da shi, daga gare shi yawancin musibar da za mu ambata take fitowa.

Bari mu fara da abin da ke cikin zuciyar kowa, watau hukuncin Shari'a, domin na lura da yawa daga cikinmu da addini suke fakewa su bar dabba cikin yunwa, suna zaton ƙyamar da suke yi ibada ce. Ni ba mai fatawa ba ne, wanda ke da mas'ala tasa ta kansa ya kai ta gaban malamin garinsu, amma abin da ke cikin littattafan da ake karantarwa a zaurukanmu ba ɓoyayye ba ne. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawanmu muke bi, kowane mai rai tsarkakakke ne muddin yana da ransa, har da guminsa da yawunsa, kare kuwa bai fita daga wannan ƙa'ida ba. Wanke ƙwarya sau bakwai da aka yi umarni da shi in kare ya tsoma baki a ruwanta, fuƙaha'unmu sun ɗauke shi a kan ta'abbudi, watau bin umarni ba tare da an rataya shi ga najasa ba. Imamu Shafi'i ya saɓa, a wurinsa najasa ce, kuma wannan saɓani sananne ne tun da daɗewa. Abin da ya tabbata a hadisi shi ne an yi rangwame a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron shuka, an kuma yi gargaɗi cewa wanda ya ajiye shi ba don wata lalura ba, ladansa yana raguwa kowace rana. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi in an ambaci sunan Allah, Suratul Kahfi kuwa, wadda muke karantawa ran Juma'a, ba ta manta da karen samarin nan da ke kwance a bakin kogo ba. Mai Risala kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rubuta hanin ajiye kare cikin gidaje in ba don waɗancan dalilai ba, masu sharhin littafinsa sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro sai ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye.

To, in lalura ta sa ka ajiye, sai ka san amana ka ɗauka, domin Shari'ar da ta yi maka rangwamen ajiyewa ba ta yi maka rangwamen zalunci ba. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin hadisi ya ji labarin mutumin da ya tarar da kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Ya kuma ji labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu, aka yi mata azaba saboda ita. Wanda ya ɗaure kare da sarƙa a rana ya tafi kasuwa, ya duba da kyau ya ga cikin mutanen nan biyu da wa ya fi kama.

Ina yaro akwai wani tsohon maharbi a ƙauyenmu, Allah ya jiƙansa, yana da karnuka uku, kuma ban taɓa ganin ya sa loma a bakinsa da yamma ba sai ya zuba musu nasu a wani tsohon kasko da ya keɓe musu. In sun komo daga daji sai ya zauna gindin bishiya ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa, ya buɗe tsakanin yatsunsu ya cire ƙaya da ƙarangiya, ya leƙa kunnuwa ya zare kaska, sa'an nan ya tashi ya wanke hannu, ya yi alwala, a same shi a sahun farko. Ba su shiga ɗakin kwanansa, ba su taɓa ƙwaryar shansa, amma ba su taɓa kwana da yunwa ba. Ban ga malamin da ya yi masa inkari ba, ban kuma ji ranar da karensa ya ciji ɗan kowa ba.

Haƙƙi na farko ci da sha ne. Akwai wata gurguwar fahimta da ta yaɗu, wai kare mai yunwa ya fi tsaro, har wasu kan zuba masa barkono ko wani abin maye a abinci don ya yi zafin rai. Wanda ya yi haka kuwa ya sani abin da ya rena ba ya bambance ɓarawo da almajiri, kuma sau da yawa da 'ya'yan gida yake farawa. Bayan haka, kare mai yunwa ba ya zaman gida, juji yake nufa da mahauta, can zai gamu da karnukan da ba a san asalinsu ba, su yi kare jini biri jini a kan mushe, ya komo da rauni, da abin da ke cikin raunin. Ragowar tuwo da ƙanzo da kunu ba laifi, amma Allah ya halicci babban kare da haƙori 42, da fiƙoƙi irin na mai cin nama, saboda haka tsaba zalla ba ta riƙe shi. A haɗa masa da romo, da kan kifi, da kayan ciki, da ƙwai in hali ya yi. Babba ya ci sau 1 ko 2 a yini ya wadatar, kwikwiyo kuwa sai sau 3 ko 4, kaɗan kaɗan. A nisanta shi da miyar da ta cika albasa da tafarnuwa, domin suna ɓata masa jini, da goro da cakulan, domin abin da ke cikinsu guba ne a jikinsa, da dafaffen ƙashin kaza, wanda ke tsagewa ya yi tsini ya soki maƙogwaro ko hanji.

Kayan cikin nan da na ambata, lalle a dafa su, kuma ina roƙon 'yan'uwanmu mahauta su saurari dalili. Kun san wani ƙullutu mai ruwa da akan tarar a hanta ko huhun tunkiya da saniya da raƙumi, wanda akan yanke a jefa wa karnukan da ke tsaye suna jira. 'Ya'yan wata tsutsa ne a cikinsa, waɗanda in kare ya haɗiye sai su girma a hanjinsa, ƙwansu ya fita cikin kashinsa, ya hau ciyawa da ganyen lambu da hannun yaron da ke wasa a ƙasa, daga nan ya shiga cikin dabba ko cikin mutum ya sake yin ƙullutun, wanda a jikin ɗan Adam sau da yawa sai da tiyata ake raba shi da shi. Abin da kuke jefarwa da niyyar sadaka, in an ƙone shi ko an binne shi da zurfi, an yanke wannan zagaye.

Game da ruwa kuwa, a sani kare ba ya gumi a jikinsa kamar yadda mutum ko doki yake yi, in ban da ɗan abin da ke fita a tafin ƙafarsa. Da haki yake rage zafi, shi ya sa kuke ganin ya zaro harshe da bazara. Saboda haka a watannin Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da ƙasa ke ƙuna kamar tanda, karen da aka ɗaure inda babu inuwa, ko aka kulle cikin kejin kwano, yana iya mutuwa tsakanin azahar da la'asar. A ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa dare da rana, a sauya kullum. In ɗaurewa ta zama dole, igiya ta yi tsawo, a kuma sake shi ya motsa jiki safe da yamma, gama kare da ya shekara a sarƙa, ko da mai sanyin hali ne, sai ya koma mugu. Da hunturu a shimfiɗa wa kwikwiyo buhu inda iska ba ta kaɗawa. A nan zan yi wa 'yan birni tsokaci, masu sayen karnukan Turai masu kaurin gashi da kuɗi mai yawa don a ce su ma suna da shi: karen da aka yi don ƙasar ƙanƙara, in an kawo shi Sakkwato ko Maiduguri, ɗawainiyarsa ta ninka ta namu, kuma wanda ba zai iya ba ya tsaya ga ɗan ƙasa, wanda ya san zafinmu, ya san kaskarmu. Ko Turawan ma yau suna alfahari da siririn karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, mu da muke maƙwabtaka da shi ba mu san darajarsa ba.

Sai kuma ƙananan abokan gaba, kaska da ƙuma da tsutsar ciki da ƙazuwa. Kaska ba shan jini kaɗai take yi ba, tana zuba wa kare cutar da ke sa zazzaɓi, dadashinsa ya yi fari, ya rame ya ƙi abinci. Da damina ƙudaje kan cinye bakin kunnuwansa har su yi jini, wani ƙuda kuma kan yi ƙwai a ƙasa inda kwikwiyo ke kwana, tsutsarsa ta shige ƙarƙashin fata ta yi kumburi kamar maruru. Duk waɗannan suna da magani mai sauƙi a wurin likitan dabbobi, abin da ba shi da sauƙi shi ne gyaran ɓarnar da muke yi da hannunmu. Na ga wanda ya shafe kare mai ƙazuwa da baƙin mai na mota, na ga wanda ya yi masa wanka da fiya-fiya, dabbar ta lashe jikinta, ta kama rawar jiki da dalala har ta mutu. An kashe kaska an haɗa da mai ita, tsugune ba ta ƙare ba. Kazalika kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol, bisa ƙiyasin cewa abin da ya yi wa mai gida amfani zai yi wa karensa, domin hantarsa da ƙodarsa ba irin namu ba ne. Maganin tsutsa ana fara ba kwikwiyo tun yana mako 2, a riƙa maimaitawa har ya kai wata 3, daga nan sai bayan kowane wata 3. In ya kai mako 6 zuwa 8 akwai allurar da ke kare shi daga cututtukan ƙuruciya, musamman wata mai sa amai da zawon jini mai wari, wadda kan share 'ya'yan karya gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, kuma takan haifi 'ya'ya da yawa a ciki ɗaya. Wanda ba ya son 'ya'yan ya tsare ta a gida makonni 3 na lokacin barbara, ko ya nemi likita ya yi mata aikin hana haihuwa, maimakon ya bari ta haihu ya zuba su a kwali ya kai juji, inda waɗanda suka tsira daga jifar yara za su girma ba su san hannun mutum ba sai da dutse a ciki.

Yanzu kuma, jama'a, a ƙara matsowa kusa da akwati, domin mun iso ga abin da ya sa na zaɓi wannan zance, watau ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 nasu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Hanyar da yake bi ya iso ga mutum kuwa, kusan duka ta kare ce. Ba aljani ba ne, ba sammu ba ne, ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu, wadda in ta sami ƙofa ta cizo ko yakushi ko lasar miki, sai ta kama jijiya ta riƙa hawa sannu sannu har ta kai laka da ƙwaƙwalwa. Tafiyar nan takan ɗauki wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, gwargwadon nisan cizon da kai. Wannan ne ya sa yaro, wanda don gajartarsa a fuska ko wuya kare ke samunsa, ya fi babba shiga haɗari. Makircin wannan ciwo shi ne raunin yana warkewa sarai, kowa ya manta, alhali abin yana tafiya a ɓoye. Ranar da ya bayyana, mutum ya fara jin zafi ko ƙaiƙayi a tsohon tabon, ya shiga firgita da rashin barci, ƙishirwa na cinsa amma in an miƙo ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe, ko iska ta taɓa fuskarsa ya zabura, to, daga wannan rana likita ba shi da abin yi sai sassauta raɗaɗi, gama wanda alamun suka bayyana gare shi da ƙyar ake samun wanda ya tashi.

A jikin kare ciwon yana da fuska biyu, ɗaya kowa ya san ta, ɗayar kuwa ita ke yaudarar masu hankali. Ta farko ita ce kare ya sauya hali, mai fara'a ya koma mai faɗa, muryarsa ta dushe, ya bar gida ya yi ta gudu ba ya gane kowa, yana cizon itace da dutse da akuya da duk abin da ya gitta. Ta biyu ita ce ya yi lakwas, ya nemi lungu mai duhu, haɓarsa ta saki, yawu na zuba, ya kasa haɗiya, har mai shi, don tausayi, ya zaci ƙashi ne ya tsaya masa a wuya, ya zura hannu cikin bakin don ya ciro. Don Allah kada a yi haka. Kuma kada a ce ai ɗan kwikwiyo ne, domin kwikwiyo yana kamuwa, kyanwa tana kamuwa, saniya da jaki da akuya in mahaukacin kare ya cije su suna kamuwa.

Akwai wani yaro a unguwar da na taɓa zama, wanda bai wuce shekara 8 ba, ya tsinci kwikwiyo a bayan makaranta ya yi ta wasa da shi, ya ɗan cije shi a yatsa, cizon da bai fi tsagar reza ba. An sha hana shi taɓa kare, an sha yi masa alkawarin bulala, saboda haka ya naɗe yatsan da tsumma ya ce ƙaya ce. Sai bayan wata biyu, yana kwance ana riƙe da shi, abokan wasansa suka faɗi abin da ya faru. Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar nake gaya wa iyaye, a hana yara tsokanar kare, a koya musu kada su taɓa wanda ke cin abinci ko barci ko karya mai shayarwa, in kare ya taso musu su tsaya cik kada su ruga. Amma a haɗa da alkawari cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, in ya faɗa ba za a doke shi ba.

In cizo ya auku, abu na farko yana cikin kowane gida, sabulu da ruwa. A wanke raunin nan take, ana zuba ruwa ana cuɗawa da sabulu, har minti 15 cikakku, a duba agogo, domin minti 15 a kan rauni yana da tsawo, kuma wannan wanki yana fitar da ƙwayar cuta mai yawa tun ba ta kama jijiya ba. In akwai aidin a shafa. Kada a cusa barkono ko toka ko gashin karen, kada a ɗaure da tsumma a rufe. Sa'an nan a nufi asibiti a ranar, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru, a fara allurar rigakafi. Dattawa suna tuna zamanin da ake yin allurai masu yawa a kewayen cibiya, tsoronsu ya sa har yau wasu ke gudun asibiti. Wancan ya wuce, ta yanzu a dantse ake yi, ranar farko da ta 3 da ta 7, da abin da likita ya tsara bayan haka, in raunin mai zurfi ne kuma akwai wata da ake yi a bakinsa. A cika su duka, kada a yi ta farko a ga miki ya bushe a daina. Na sani kuɗinsu yana da nauyi ga talaka, na kuma sani ba kowane asibitin ƙauye ke da su ba, wani sai ya yi tafiya zuwa babban gari. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta kusanto da su, amma wanda abin ya same shi yau ba zai jira hukuma ba, ya sayar da akuya ya tafi. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana, sai dai a yi su a kan hanyar asibiti, domin wanda ya koya mana tawakkali, sallallahu alaihi wa sallam, shi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna.

Karen da ya yi cizon, in na gida ne kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a kulle shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi, a sanar da likitan dabbobi, amma wanda aka ciza ya fara allurarsa, kada ya jira. In kuwa haukansa ya bayyana har ya zama dole a kashe shi, Shari'a ta yarda da kashe kare mai cizo, sai dai kada a farfasa kan, kada a taɓa shi da hannu tsirara, domin da ƙwaƙwalwar ake gwaji a tabbatar, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana wannan aiki.

Allurar rigakafin haukan kare ta daɗe a duniya. Ran 6 ga Yuli 1885 aka kawo wa wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa raunuka da yawa, ya yi masa allura 13 cikin 'yan kwanaki, yaron ya rayu har ya manyanta. Ranar rasuwar wannan masani, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya tun 2007, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan a daina rasa rai ta wannan hanya. Hanyar da masana suka tabbatar ita ce a bi ciwon a tushensa: in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka dawwama a kan haka, sai ya rasa inda zai taka ya mutu da kansa. Kisan karnuka da guba, wanda akan tashi a yi in an sami cizo a gari, ba ya maganinsa, gama wasu ke zuwa su cike gurbi. Ƙasar Meziko da allurar karnuka ta bi, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da haukan kare da ke kama mutane ta cizon kare. Mu ma ba baƙin irin wannan aiki ba ne, domin cibiyar nan ta Vom an kafa ta ne a 1924 saboda bushiya, annobar da ta taɓa share garkunan kakanninmu, kuma da makiyaya suka yarda suka riƙa kawo shanu ana yi musu allura shekara da shekaru, sai ga shi a 2011 an shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Allurar haukan kare ana fara yi wa kare ita yana wata 3, a maimaita kowace shekara, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na jinyar mutum ɗaya da aka ciza ba. A karɓa daga hannun likitan dabbobi ko ma'aikacin da hukuma ta sani, wanda ke ajiye ta cikin sanyi, domin wadda ta wuni cikin aljihu a rana ta zama ruwa. A kuma karɓi takardar shaida a adana, ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci ita ce za ta tsaya maka. Akwai ofishin dabbobi a jihohi da ƙananan hukumomi, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, 'yan'uwanmu na Nijar kuma su nemi ma'aikatan kiwo na yankinsu.

Saboda haka ina roƙon sarakunan maharba da ardo-ardo da masu unguwanni, ku ƙirga karnukan da ke ƙarƙashinku, ku sa rana, ku gayyato ma'aikatan dabbobi su zo su yi musu gaba ɗaya. Ina roƙon limamanmu, in an idar da salla, a faɗa wa jama'a zancen sabulu da ruwa da minti 15. Kai kuma mai gida, wanda karenka ke kwance yanzu a ƙofar zaure yana jiran ƙanzo, gobe da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba, sa masa igiya ka kai shi a yi masa allura.